Yadda Na Bi Sawun Jirgin Da Bai Kai Fagen Yaƙi Ba

Karatu ne ya kai ni Ingila, kuɗin haya kuma ya kai ni aiki a wani gidan kula da tsofaffi a yankin Yorkshire. Aikin bai wuce wanka, canza zanen gado, kai shayi, da rubuta duk abin da ya faru a littafin aiki ba. A ɗakin ƙarshe na ƙasa akwai wata tsohuwa mai shekara 88, hankalinta garau, ƙafafu ne kawai suka gaza. Al'adar wurin a kira kowa da sunansa, ni kuwa bakina ya ƙi kiran sa'ar kakata da suna gatsal, sai na riƙa ce mata Kaka. Da ta tambayi ma'anar kalmar na faɗa mata, ta ce ta karɓa, tunda Allah bai ba ta jika ba. Sunanta da na gidan zan bar su a cikina.

A kan durowarta akwai hoton wani saurayi cikin kakin sojan sama, hula a karkace, alamar fukafukai a ƙirji. Kullum ina goge masa ƙura ban taɓa tambaya ba. Sai ranar 11 ga Nuwamba, ranar da Turawan Ingila ke tunawa da mamatan yaƙi, kowa ya maƙala jan furen takarda a riga. Na kawo mata nata, ta ture hannuna.

Ta ce, "Ɗan nan, namu ba a yaƙi ya mutu ba. Koyo yake yi."

Na yi shiru. Can ta ƙara da cewa, "Kuma ya tafi da 'ya'yan mutane shida."

Yayanta ne, direban jirgin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Shekararsa 21, ita ba ta kai tara ba. Abin da take tunawa shi ne yaron gidan waya da ya kawo tangaraho a kan keke, sai akwatin gawa da aka kawo a rufe aka ce kada a buɗe, sai wata magana da wani ya faɗa wa mahaifinsu a wurin jana'iza, cewa kuskuren direba ne. Daga ranar mahaifiyarsu ba ta ƙara ambaton yadda ya mutu ba har ta koma ga Mahaliccinta. In maƙwabta suna maganar 'ya'yansu da aka harbo a sararin Jamus, sai ta tashi ta shiga kicin. Shekara tamanin Kaka na ɗauke da kunyar da ba ita ta jawo ba, kuma ba ta taɓa ganin takarda ko ɗaya da ta faɗi abin da ya faru a daren ba.

Ni a Zariya na tashi, inda ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ke wuni suna zagaya gari, su sauka su tashi, mu yara muna bin su da ihu. Ban taɓa kawo wa raina cewa wanda ke ciki yana iya jin tsoro ba. Wataƙila shi ya sa maganar ta tsaya min a rai. Washegari na ce mata, "Kaka, in kin yarda zan nemo takardun." Ta dube ni ta ce in gwada, amma duk abin da na samu kada in ɓoye mata. Na yi alkawari ba tare da na san nauyinsa ba.

Da farko sai da na je wurin shugabar gidan, domin ma'aikaci ba ya shiga harkar iyalin tsoho haka kawai. Ta ce a rubuta izini, Kaka ta sa hannu, kuma in yi a lokacina, ba na aiki ba. Aka yi haka.

Mataki na farko ya zo da sauƙin da ya ba ni mamaki. Akwai hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila tun 1917, kuma duk sunayen suna shafinta na intanet kyauta. Na rubuta sunansa, minti ɗaya bai cika ba ga shi: muƙaminsa saje, lambarsa ta soja, ranar mutuwa, da maƙabartar cocin ƙauyensu. Babu kalma ɗaya game da dalili. Amma lambar nan da ranar nan su ne mabuɗan duk ƙofofin da suka biyo baya, kuma duk mai son yin irin wannan bincike da su zai fara.

Na biyu shi ne neman takardar tarihin aikinsa daga gwamnati. Ana cike fom, a sa cikakken suna, ranar haihuwa da lamba. Wanda ya mutu a bakin aiki ba a neman takardar shaidar mutuwarsa. Da can ana biyan fam 30, amma lokacin da muka nema an cire kuɗin. Kaka ta sa hannu a matsayin 'yar uwa mafi kusa da ta rage, hannun na rawa, ta ƙi yarda in riƙe mata biro. Daga nan sai jira, na watanni.

Cikin jiran nan na fara karatu da dare bayan na tashi aiki, kuma a nan ne na gane cewa mutuwar yayan Kaka ba wani abu ba ne da ya faɗo wa gidansu su kaɗai. Rundunar jiragen bam ta Birtaniya ta yi amfani da mutum kimanin 125,000 a cikin jirage tsakanin 1939 da 1945, mutum 55,573 suka mutu. A cikinsu sama da 8,000 ba harsashin kowa ne ya same su ba, hatsari ne, akasari a wajen horo. Wato kusan ɗaya cikin bakwai. A Amurka abin ya fi haka yawa: kusan mutum 15,000 na sojan sama suka mutu a hatsarin jirage a cikin ƙasar kanta, inda babu abokin gaba ko ɗaya a sararin samaniya. A wani sansani na jihar Florida da ake koyar da jirgin B-26, har ɗalibai suka mai da abin karin magana, suna cewa kullum sai ɗaya ya faɗa tekun Tampa. Matasan Ingila da aka tura Amurka koyo ma akwai waɗanda ba su dawo ba, kaburburansu na nan a jere a garuruwa irin su Arcadia da Mesa da Terrell.

Ban faɗa wa Kaka waɗannan alƙaluma ba a lokacin. Na ga kamar in ce wa mai makoki ai ba ke kaɗai aka yi wa mutuwa ba.

Da takardar ta iso, na buɗe na ga shafi biyu cike da gajerun haruffa da rubutun hannun magatakarda daban-daban. ITW, EFTS, SFTS, AFU, OTU, HCU, sunayen makarantun horo ne a taƙaice, kowanne da lamba da rana. Na kwana biyu ina warware su ɗaya bayan ɗaya, sai ga rayuwar yaron ta miƙe a gabana kamar hanya. Ya shiga yana ɗan shekara 19. Ya fara da fareti da lissafi da karatun taswira a ƙasa. Sannan aka ɗora shi a Tiger Moth, ƙaramin jirgi mai fukafukai hawa biyu wanda kan direba ke waje, don a ga ko yana da hannu. Daga nan jirgin ruwa zuwa Kanada, ƙarƙashin shirin da aka ƙulla a Disamba 1939, wanda ya horar da mutum sama da 130,000 kafin yaƙin ya ƙare. A can ya samu fukafukan da ke ƙirjinsa a hoto.

Abin da ya sa ake kai su Kanada a fili yake: ƙasa shimfiɗaɗɗiya, sarari garau, garuruwa da fitilu da dare, babu jirgin Jamus. Amma wannan alherin shi ne kuma tarkon. Yaro ya koyi tuƙi inda hanyoyi suke miƙe kamar an ja su da rula, in ya ɓata ya bi layin dogo ya koma gida. Sai a dawo da shi Ingila, ƙasar hazo da gajimare mai saukowa har kan tudu, inda doka ta hana kunna fitila da dare, ƙauyuka duk kama ɗaya. Shi ya sa aka ƙirƙiro wata makaranta ta musamman don kawai su saba da sararin ƙasarsu. Bayan ita sai makarantar da ake haɗa ƙungiya. Yadda ake haɗawar ya ba ni dariya: a tara direbobi da masu duba taswira da masu rediyo da masu sakin bam da masu bindiga a babbar rumfar jirage, a ce kowa ya nemi abokan tafiyarsa. Kamar kasuwa. Mutum ya dubi fuskar wani ya ce wannan ya yi min, kuma da shi zai rayu ko ya mutu. Su biyar suka fara a jirgin Wellington mai inji biyu.

Layin ƙarshe a takardar shi ne HCU, makarantar da ake mayar da su kan manyan jirage masu inji huɗu, a ƙara musu injiniya da mai bindiga na biyu su cika bakwai. Makonni kaɗan ake yi a can, daga nan sai fagen daga. Ya yi kusan shekara biyu yana koyo, saura ƙiris. A ƙarƙashin layin wani magatakarda ya rubuta cewa ya mutu a hatsarin jirgi, ya ja layi.

Na kai wa Kaka takardar. Abin da ya fi ɗaukar hankalinta ba makarantun ba ne, wurin da aka rubuta tsawonsa da launin idonsa da wani tabo a gwiwa ne. Ta ce tabon daga katangar maƙwabta ya samo shi, wajen satar tufa.

Amma tambayarta tana nan ba a amsa ba. Na ci gaba da tono, sai na gano cewa sojan sama suna cike wani ƙaramin kati a kan kowane hatsari, fom mai lamba 1180, kuma gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan yana da kwafinsu. An jera su ne bisa irin jirgi da rana, ba bisa suna ba. Rana ina da ita. Irin jirgin kuwa na samo shi daga lambar makarantar, domin Halifax, babban jirgin bam mai inji huɗu, suke amfani da shi, kamar yawancin irin waɗannan makarantu da ke Yorkshire. Na aika imel da bayanan, bayan 'yan makonni amsa ta zo.

A tashar bas na buɗe, da safe, na fito daga aikin dare. Katin bai fi tafin hannu biyu ba. Lambar jirgi, lokaci, sunan direba, irin aikin da aka tura su, wato zagayen dare na koyon nemo hanya. Sai akwatunan da ake rubuta awoyin da direba ya yi a sama: jimla ɗaruruwa, amma a kan wannan irin jirgin, da dare, ba su kai goma ba. A ƙasa akwai taƙaitaccen bayani da ƙaramin rubutu. Inji ɗaya na gefe ya mutu, jirgi ya karkata, ya juya, ya sako kai ƙasa, ya kama da wuta. Sannan ra'ayin manya: direba ya kasa riƙe jirgin bayan mutuwar inji, rashin gogewa.

Bas ta zo ta wuce ban shiga ba. Ashe maganar da aka faɗa wa mahaifinsu a wurin jana'iza ba ƙarya ba ce, ga ta a rubuce da hannun hukuma. Kuma na yi alkawarin ba zan ɓoye ba.

Sati biyu ina shiga ɗakinta ina fita da katin a jakata. Ta tambaya sau ɗaya, na ce ina jiran wata takarda. Ba ƙarya na yi ba sosai, don na riga na yanke shawarar ba zan kai mata wannan layin shi kaɗai ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina so in ga daddawar.

Ranar hutuna na hau jirgin ƙasa zuwa Landan, na wuce Kew, inda ma'ajiyar takardun tarihin ƙasar take. Ana yi wa mutum katin shiga kyauta in ya kawo shaida biyu, ɗaya ta suna ɗaya ta adireshi. Jaka da biro a bar su a loka, fensir kawai ake shiga da shi. Na nemi littafin da makarantar ke rubuta abin da ya faru kullum, wanda ke cikin jerin da suke kira AIR 29, na zauna jira kamar minti arba'in, aka kawo min. Takarda ce siririya da aka buga da tafireta, tana warin tsufa.

Daren da nake nema layi uku ne. Jirgi kaza ya faɗi a wuri kaza da ƙarfe kaza, duka bakwai sun mutu, ga sunayensu. Abin da ya biyo baya a shafin shi ne yanayin gari na washegari da adadin awoyin da aka tashi. Na juya baya, na juya gaba. A cikin watan kaɗai yatsun hannu ɗaya ba su ishe ni ƙirga hatsari ba: wani taya ta fashe wajen tashi, wani ya zarce titin sauka, wani ya daki tudu cikin gajimare, wani inji ya kama wuta. Kuma kusan kowane mako akwai ƙorafi iri ɗaya, cewa jiragen da ke da lafiyar tashi ba su kai yadda ake buƙata ba, ga sabbin ɗalibai an turo. Babu inda na ga an dakatar da horo don an yi mutuwa. A lokacin rundunar na rasa jirage da yawa a kan Jamus, wani daren gommai, kuma kowane jirgi mutum bakwai ne da sai an maye gurbinsu. Matsin ya kai har a watan Mayu 1942, da aka so tara jirage dubu a kai wa birnin Cologne hari, sai da aka kwaso ɗaruruwa daga makarantun horo, da malamai da ɗalibai a ciki.

Jiragen da ake ba ɗalibai kuwa, ragowar fagen daga ne. Sabo yana zuwa wurin masu kai hari, wanda ya gaji a turo shi makaranta, ya wuni yana sauka da tashi a hannun 'yan koyo. Ka ɗauki tsohuwar tirela da ta gama shan hanyar Legas, ka ba yaron mota makulli cikin dare, babu fitila, ka ce ya hau tudu. In ta kife, a rubuta cewa yaron bai ƙware ba, kuma ba a yi ƙarya ba.

Abu na ƙarshe a Elvington na same shi, kusa da birnin York, tsohon sansanin yaƙi da aka mayar gidan tarihi. Suna da Halifax guda da aka sake haɗawa. Sai da na tsaya ƙarƙashinsa na san girman abin da aka danƙa wa yaro ɗan shekara 21: tayarsa ta kusa kai ƙirjina, farfela huɗu, ciki kuwa matsattse. Wani dattijo cikin masu aikin sa-kai ya ga na daɗe a wurin, ya matso. Na nuna masa katin a waya. Ya karanta, ya tambaye ni samfurin jirgin, sannan ya ce in biyo shi baya wajen jela.

Ya nuna min faffaɗan allunan nan biyu da ke tsaye a jelar, masu kusurwa huɗu. Ya ce na farkon ba haka suke ba, masu kusurwa uku ne, kuma suna da wani mugun hali. Abin da direba ke takawa da ƙafa ya karkata jirgin, wato linzamin jela, in aka taka shi da ƙarfi jirgin na tafiya a hankali, yakan wuce iyaka ya kafe a gefe ɗaya, ƙarfin ƙafar mutum ba ya dawo da shi. Daga nan jirgi ya fara juyawa ya sako ƙasa. Yaushe direba ke taka shi da ƙarfi haka? Lokacin da inji ɗaya na gefe ya mutu, jirgi na ja ɓangare guda. An yi gwaje-gwaje, aka gano matsalar, a 1943 aka fara sauya jelar da wannan mai kusurwa huɗu. Amma sauya jirage masu yawa haka ba aikin kwana ɗaya ba ne, kuma tsofaffin samfura su ne suka cika makarantu.

Na ce masa, "Baba, wato wannan ne ya kashe su?"

Ya girgiza kai. Ya ce shi ba zai rantse ba, ni ma kada in rantse. Babu wanda ya tsira da zai faɗi abin da ya faru a cikin jirgin, kuma wuta ta cinye sauran. Ƙwararren direba yana iya dawo da Halifax gida da inji uku, da yawa sun yi. Abin da zai iya cewa kawai shi ne, yadda katin ya kwatanta faɗuwar, ya sha ganin irinsa. Na ji daɗin da bai ba ni abin da nake so in ji ba, don da ya ba ni, da na kai wa Kaka wata sabuwar tatsuniya a madadin tsohuwar.

Ranar Lahadi da yamma, bayan an kwashe kwanuka, na ja kujera kusa da gadonta. Na fara da katin, na karanta mata shi tas, har da layin rashin gogewa, ban sassauta kalma ba. Ba ta motsa ba. Sannan na karanta awoyin. Ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ta ce, "Awa nawa aka koya maka kafin a bar ka ka ɗaga ni daga gado da injin nan kai kaɗai?"

Na ce ai har yau ba a bari, dole mu zama biyu.

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba. Na nuna mata hotunan shafukan Kew, na faɗa mata maganar tsofaffin jirage, na zana mata jela iri biyu a bayan ambulan, na kuma faɗa mata abin da dattijon ya ce, cewa ba mai iya rantsewa. A nan ne na kawo maganar mutum dubu takwas. Na nuna mata hoton wurin tunawa da aka buɗe a Lincoln a 2018, inda aka sassaƙa sunaye kusan dubu 58 a bangayen ƙarfe, ba muƙami, ba lambar yabo, kuma ba a ware wanda aka harbo daga wanda ya faɗi wajen koyo ba. Sunan yayanta na ciki, na riga na duba.

Ta daɗe tana kallon zanen jelar. Ba ta ce an wanke shi ba, ni ma ban ce ba. Abin da ta ce shi ne, "Mama ta ɗauka shi kaɗai ne." Daga nan ta tambaye ni sauran shidan ina suke.

Biyu 'yan Ingila ne, iyalansu sun ɗauke gawarwakinsu zuwa garuruwansu kamar yadda aka yi da nasu. Huɗu 'yan Kanada ne, ba a mayar da gawa ƙetaren teku a lokacin, suna maƙabartar Stonefall a Harrogate, inda aka binne sojan sama kusan dubu na wannan yaƙin, kashi biyu cikin uku 'yan Kanada. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota daga inda muke ba. Tsawon rayuwarta ba ta sani ba.

Sai ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba. Makonni kafin hatsarin, yayan ya zo hutu da abokan tafiyarsa, waɗanda ba su da gida a Ingila. Lokacin abinci da kati ake saye, amma mahaifiyarsu ta haɗa rabon gidan na sati ta dafa musu. Ɗaya daga cikinsu ya zaro cakulan daga aljihu ya ba ta, ya ce kada ta faɗa wa kowa. Ta manta sunansa, ta manta fuskarsa, ba ta manta ɗanɗanon ba. Ta ce mahaifiyarsu ta so ta rubuta wa iyayen yaran wasiƙa, ta sayi takarda, ta kasa sanin me za ta ce wa matar da ɗanta ya kashe wa ɗa.

Fitar da tsohuwa mai keken guragu daga gidan kula ita ma da nata fom: a auna haɗari, a nemi motar da ke ɗaukar keke, a shirya magani da bargo, a samu ma'aikaci na biyu. Sai da sanyi ya ja baya aka amince. Muka je ranar wata Laraba, iska na kaɗawa, ciyawa a jiƙe tana riƙe tayar keken.

Ni da na saba da maƙabartunmu na gida, tudun ƙasa da fasasshen tulu, ban taɓa ganin irin wannan ba. Fararen duwatsu tsawo ɗaya, sahu bayan sahu kamar masu fareti, na hafsa da na kurtu duk ɗaya. A kan na 'yan Kanada an sassaƙa ganyen da ke tutarsu. Shekaru 19, 20, 22, 19. A wurare da dama za ka ga duwatsu biyar ko shida a jere da rana ɗaya, ka san jirgi ɗaya ne. A ƙasan wasu akwai 'yan kalmomin da iyaye suka zaɓa aka rubuta, iyayen da yawancinsu ba su taɓa zuwa sun gani ba. Na tuna ƙanin kakata da aka ce ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, wanda ko hotonsa ba mu da shi, na ce a raina shi ma zan nemi lambarsa.

Na sami sahun da lambobin da na rubuto. Huɗun suna kusa da juna. Na tura ta gaban na farko, ta ce in karanta sunan da ƙarfi, kunnenta ba ya ji sosai a iska. Na karanta. Ta miƙa hannu ta dafa kan dutsen, ta ce, "Ni ce ƙanwar direbanku." Muka matsa na biyu, ta faɗi haka, har na huɗu. Sannan ta buɗe jakarta ta fito da cakulan guda ɗaya da ta sa abokiyar aikina ta sayo mata a ɓoye. Ta dubi duwatsun ta rasa wanda za ta ba, sai ta ce in ɓare in raba huɗu. Yatsuna sun sandare da sanyi, rabon bai zo daidai ba, ta ce ba komai.

A mota ta yi barci tun kafin mu fita daga Harrogate. Da muka isa na mayar da ita gado, na sa katin da takardun a durowa ƙarƙashin hoton kamar yadda ta ce, sannan na ɗauki littafin aiki. Akwatin da ake cikewa ƙarami ne. Na rubuta cewa ta fita ziyara da ƙarfe sha ɗaya, ta dawo ƙarfe uku, ta sha shayi rabin kofi, ta nemi a bar mata fitila a kunne.